Jirgin kogi ko jirgin teku? Ina son fidda su Baba su sha iska, ku ba ni shawara

Ɗan Zango ya rubuta:

Salamu alaikum jama'ar zaure. Dan Allah waɗanda suka taɓa shiga jirgin ruwan nan na yawon buɗe ido, wanda ake kwana ciki ana ci ana sha yana yawo da mutane gari gari, ku zo ku fidda ni cikin duhu.

Mu huɗu ne 'yan ɗaki ɗaya, tun bara muke zuba adashi tsakaninmu da niyyar mu fidda Baba da Hajiya waje su huta. Hajji sun yi, Umara sun yi Alhamdulillahi, wannan karon hutu ne zalla. Baba mushe ne, ya fi shekara talatin yana koyar da tarihi da labarin ƙasa a makarantar sakandare ta CEG nan Damagaram kafin ya yi ritaya, duk wanda ya zauna ajinsa ya san yadda yake zana kogin Nilu a allo da alli shuɗi, ya nuna maka inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu a Khartum, ya ce kilomita 6,650 ku rubuta, amma shi da idonsa babban ruwan da ya sani bai wuce kogin Isa a Yamai ba, sai tafkin Gidimuni in an je suna ko biki.

To na yi magana da wata ajans, sun kawo mini kala biyu. Na farko Masar, kwana huɗu cikin jirgin kogi daga Luksor zuwa Aswan, a haɗa da kwana biyu a Alƙahira. Na biyu babban jirgin teku, kwana bakwai, ya tashi ko daga Dubai ko daga Jidda. In an haɗa da biyen jirgin sama kuɗin ba su yi nisa da juna ba sosai. Ƙannena biyu sun ce teku, wai a bidiyo sun ga abin kamar gari guda, yayarmu ta ce kogi saboda Baba, ni kuma da aka ɗora ma tafiyar kaina ya ɗaure.

Abin da ke damuna: Baba shekara 69, yana da ciwon gwiwa da tansiyo. Hajiya kuma tsoron ruwa gare ta ba na wasa ba, kuma ko motar kar ta shiga daga nan zuwa Maradi sai ta yi amai sau biyu. Sai maganar abinci ko halal ne, da salla, da biza da fasfonmu na Nijar. Wanda ya sani ya taimaka, Allah ya saka.

'Yar Birni ta rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu yi muku. Ni na yi na kogin, ni da maigida cikin watan Janairu, don haka abin da idona ya gani zan faɗa maka, na teku kam in bar ma masu shi.

Fara da maganar Hajiya tunda ita ce mai wuya. Wallahi a Nilu sai ka leƙa taga za ka san jirgin na tafiya, ruwan kwance yake kamar an zuba a faranti, kofin shayi a kan tebur ko motsi ba ya yi. Kuma ba a taɓa rabuwa da gaɓa, dama da hagu kana ganin dabino, gonakin rake da ayaba, yara na wanka, tsoho a kan jaki, shanu na shan ruwa, bayan koren kuma sai rairayi da duwatsu su fara nan take kamar an ja layi da rula. In lokacin salla ya yi sai ka ji kiran salla daga wannan gaɓa, kafin ya ƙare na wancan gaɓar ya ɗauka. Ni nan ne hawaye suka zo mini, ban san dalili ba. Mai tsoron ruwa abin da ke firgita shi ai rashin ganin ƙasa ne, to nan ƙasa ba ta ɓace maka ko minti ɗaya.

Jirgin ba babba ba ne, mu ɗari da 'yan kai ne a ciki, kwana biyu kowa ya san fuskar kowa. Masu dafa abinci da masu hidima Misirawa ne, nama na yanka ne, ba ka da wani tunani. Akwai wake da suke ce ma ful, da wani abu kamar ƙosai sunansa ta'amiya, shinkafa, kifi, kaza, kuma bisap ɗinmu shi ne abin tarbar baƙo can, karkade suke ce masa. Giya akwai ta don Turawa, amma a lungunta take, ba mai kawo maka in ba ka nema ba. Ruwan pampo dai kar a sha, na gora kawai, har wanke baki.

Tafiyar duka tsakanin Luksor da Aswan kilomita 200 da ɗoriya ce, wato bai ma kai Damagaram zuwa Kano ba, a mota yini ɗaya ya yi yawa, amma ana jan ta kwana huɗu saboda tsaye tsaye. A Luksor akwai Karnak, tsohon wurin bautar mutanen Fir'auna, a ciki akwai wani zaure da ginshiƙai 134 na dutse, kowane sai mutane da yawa sun haɗa hannu kafin su zagaye shi. Hayin ruwa kuma Kwarin Sarakuna, inda aka tono kabarin Fir'auna Tutankhamun a 1922. Daga nan sai Esna, nan ne abin da na san Baba zai so, jirgi ya shiga wani wuri kamar akwatin siminti a rufe ƙofa ta baya, a sako ruwa, kana tsaye kana ji jirgin na ɗagawa sama har ya daidaita da ruwan gaba sannan a buɗe. Kuma kuna jiran layi 'yan kasuwa za su zo cikin ƙananan kwale-kwale suna jefo jallabiya da tawul cikin leda har saman jirgi, ana ciniki da ihu, in ba ka so ka jefa musu abinsu. Na ce ma maigida waɗannan da Kasuwar Dole suka zo da sun kore mu. Sai Edfu da ake zuwa a keken doki, sai Kom Ombo inda suka adana gawarwakin kadoji, sai Aswan da madatsar ruwan da aka gama a 1970.

To yanzu in faɗa maka inda gizo ke saƙar, don kar ka ce na ɓoye. Wannan tafiya ba hutu ba ce, makaranta ce. Tun asuba ake tada ku don a riga rana, a yi ta tafiya a ƙasa cikin duwatsu, a Kwarin Sarakuna gangarawa ake cikin rami sannan a hauro. Jirginmu kuma babu asansa, wato na'urar hawa bene, ɗaki a hawa ɗaya, wurin cin abinci can ƙasa, wurin shan iska can sama, sau nawa za ka hau ka sauka a yini. Kuma a tasha jiragen jeruwa suke gefe da gefe, sai ka ratsa ta cikin jirgi uku ko huɗu kafin ka taka ƙasa, tagarka ma wani lokaci tagar wani jirgin take kallo. Mai ciwon gwiwa dole a yi masa lissafin wannan. Sai bakshish, kowa ya taɓa maka jaka sai ya miƙo hannu, ka tanadi canji ƙanana da yawa ka huta.

Kuma kar ku kuskura ku je da bazara. Ka ce mu 'yan Damagaram mun san zafi, eh mun sani, amma mu a inuwa muke zama da rana tsaka, ba yawo muke cikin dutse ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, ku riƙe rigar sanyi don dare a kan ruwa akwai ɗari.

Alhajin Dole ya rubuta:

Hajiya 'Yar Birni kin yi bayani, amma ni a bar ni da tekuna. Na yi shi daga Dubai lokacin da na je sarin kaya na ƙara kwana bakwai, muka taɓa Abu Dabi, Doha, Bahrain muka dawo. Ɗan Zango, kai ka ce HUTU kuke so su yi. To hutu yana teku. Ba mai tada ka da asuba in ba salla ba, asansa ko'ina, likita da ɗan asibitinsa a ciki, abinci dare da rana, in an tsaya a gari kana so ka sauka ba ka so ka yi kwanciyarka. Tsoho mai gwiwa me ya fi masa wannan?

Girman abin kuma sai ka gani. Namu mutum dubbai ne, na yi kwana uku ina ɓata hanyar ɗakina. Akwai ma wanda ya fi shi, Icon of the Seas da ya fara aiki a 2024, tsawonsa mita 365, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 ban da ma'aikata, ka ga ai ya fi wasu garuruwan da ke da hakimi.

Amma tsakani da Allah akwai abubuwa uku da zan gaya maka. Na ɗaya kuɗin da ajans ta faɗa maka ba shi ne kuɗin ba. Akwai kuɗin hidima da suke rubuta ma kowane mutum kowace rana ko ka so ko ka ƙi, intanet sai ka saya kuma da tsada, lemo da ruwan gora sai ka saya, fita yawo a kowane gari kuɗi daban, ganin likitan ma ba kyauta ba. Katin ɗakinka shi ne aljihunka, kana ta miƙa shi ba ka jin zafi, sai daren ƙarshe su turo maka takarda ka riƙe kai. In da yuro suka yi lissafi ka riƙa ninkawa da 656 ka ga sefa nawa ne kafin ka miƙa katin, ni sai da na koyi haka. Kuma ɗaki mai araha ba shi da taga ko kaɗan, kamar an sa ka cikin kwantena, tsofaffi kar ka sa su ciki.

Na biyu jirgi ba ya jiran kowa. An ce a dawo ƙarfe biyar to biyar ɗin ne, ba irin na tashar mota ba da za a ce a jira Alhaji yana alwala. In ka fita da kanka ka makara, kai za ka nemi hanyar da za ka tarar da shi a gari na gaba da kuɗinka.

Na uku shi ne wanda zai dami Hajiya da Baba. Saman jirgi wurin wanka, mata da maza ba sutura, kiɗa, giya, akwai gidan caca. Ni na san hawan da nake bi da wanda ba na bi. Abinci kuma akwai alade a jere da sauran, suna rubutawa, amma nama ko na yanka ne sai ka tambaya tun wurin sayen biye, ni dai kifi da ƙwai da shinkafa na yi ta ci. In tekun za ku yi to nemi na Saudiyya, Aroya, da ya fara tashi daga Jidda a Disamba 2024, shi ba giya ba caca, abinci halal, da wurin salla. Ka tambayi ajans ɗin ko shi suke nufi, kuma a wane wata yake Jidda don yana sauya wuri. Ka kuma tambaye su halin tsaro, tun ƙarshen 2023 da aka fara harbin jirage a Bahar Maliya kamfanoni da yawa sun sha sauya hanya ko su soke tafiya.

Sarkin Zolaya ya rubuta:

Hhhhh jama'a mu da muke bin 'yan garuwa da bidon, pampo ya yi sati bai ce uffan ba, yau mu ne ake tambaya kogi ko teku. Ɗan Zango in kun je ku cika mana jarka biyu ku taho da ita, ta fi mana tsarabar dabino. Shawarata kafin ku kashe miliyoyi, in kun sauka Yamai ku sa Hajiya cikin kwale-kwale ƙarƙashin gadar Kennedy a zaga da ita, in ta fito tana dariya a wuce, in ta fito tana salati a koma gida a saya mata saniya.

Majo Garin Malam ta rubuta:

Sarkin Zolaya Allah ya shirye ka, kwale-kwale ai shi zai sa ta rantse ba ta ƙara kusantar ruwa, abin da ke rawa ko mutum ya yi atishawa. Kar ka biye masa Ɗan Zango.

Ni ta fannin aikina na kiwon lafiya zan yi magana. Amai a mota da amai a jirgin ruwa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, kunne na ciki yana jin motsi ido kuma yana cewa ba motsi, sai ƙwaƙwalwa ta rikice. Wadda kar ke sa ta amai, teku in ya tashi zai iya sa ta. Manyan jiragen suna da wasu fukafukai a ƙarƙashin ruwa masu rage tangaɗi, amma ragewa ce ba hanawa ba. In dole sai teku, a nemi ɗaki a tsakiyar jirgi kuma hawa na ƙasa ƙasa, ba gaba ba, ba can sama ba, ta riƙa kallon nesa inda sama ta haɗu da ruwa, citta ma tana taimakawa. Maganin amai akwai a farmasi amma yana sa barci, kuma tsofaffi kar a ba su sai likitansu ya gani.

Baba kuma, ko wanne kuka zaɓa, maganin tansiyo ya isa kwanakin har da ƙari, a jakar hannu ba cikin akwatin da ake aunawa ba, da ordinas ɗinsa. Ku yi inshorar lafiya ta tafiya, kar ku ce Allah ya kiyaye kawai, a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Bambancin shi ne a kogi ba lallai a samu likita cikin jirgi ba amma gari na kusa kullum, Luksor da Aswan duk da asibitoci, a teku kuma likita na ciki amma in abin ya fi ƙarfinsa kuna tsakiyar ruwa sai an kai tasha. Sai gudawa, duka biyun ana samu, a kogi daga ruwa da ɗanyen ganye, a teku daga cunkoson mutane da hannu, ku riƙe gishirin ORS ku yawaita wanke hannu. Kuma karnen rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan, ku duba yana nan, ana tambayarsa ga wanda ya fito daga Nijar.

Almajirin Malam ya rubuta:

Salamu alaikum. Ni tambayata ɗaya ce, a ɗauki dattijo alhaji a kai shi kallon gumakan Fir'auna da kaburburan mutanen da aka halaka, wannan ya dace? Na ji malamai na cewa da Annabi (SAW) ya bi ta Hijir, garin Samudawa, ya hana a shiga sai da kuka, ya yi sauri ya wuce. A yi tunani.

Tsohon Ɗalibi ya rubuta:

Malam Almajiri, hadisin gaskiya ne, amma malamai sun yi magana a kai, wasu sun taƙaita shi ga wuraren da azaba ta sauka, kuma Alƙur'ani a wurare da yawa ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen na farko ya kasance, a Suratu Yunus aya ta 92 ma an ce za a tsirar da jikin Fir'auna ya zama aya ga na baya. Niyya ce. Wanda ya je don wa'azi daban da wanda ya je don girmamawa. Ɗan Zango dai ya tambayi malamin da Baba ya yarda da shi, shi ne zai kwantar masa da hankali ba mu ba.

Maganar salla da ba a amsa ba, ku matafiya ne kuna da kasaru. A jirgi ana yin farilla a tsaye in ana iyawa, a fuskanci alƙibla, in jirgi ya juya a juya. A Nilu abin da sauƙi tunda kogin kudu da arewa ya miƙe, kuma ma'aikatan za su nuna maka, sau da yawa ma jirgin na tsaye sai ku taka zuwa masallaci. A teku sai da manhajar alƙibla a waya ko ka tambayi ma'aikaci.

Ina jin ma na san Baban nan, in shi ne mai cewa kogin Nilu daga kudu yake gangarawa arewa duk wanda ya rubuta akasin haka sifiri, to ya koyar da ni a aji na biyu. In shi ne wallahi ku kai shi Nilu ko a goye. Ku gaya masa daga Luksor zuwa Aswan hawa ake, shi ya sa yake cin kwana huɗu, dawowa kuma uku.

Wani abu da ba a taɓo ba, kar ajans ta ruɗe ku da na Turai, ko tekun Bahar Rum ta Italiya da Sipaniya ko kogunansu irin Danub da Rayin. Duk bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai suke so, kuma kun san tun da ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe a farkon 2024 abin ya ƙara wuya. Kogunan nasu ma in rani ya yi tsanani ruwa na janyewa, a 2018 da 2022 sai da aka riƙa sauke mutane ana sa su a bas. Jirgin teku kuma kowace ƙasa ya taɓa da dokarta a kan fasfonmu, ba kamar Bature ba da zai sauka ko'ina, sai ajans ta rubuta maka a takarda ƙasa ƙasa wace biza ake so, don in ɗaya ta rasa suna iya hana ku shiga jirgin tun a tasha. Masar kuwa biza ɗaya ce, kuma suna da ofishin jakadanci a Yamai.

Alhajin Dole ya rubuta:

Wannan na biza gaskiya ne, ni da yake ina da ta Dubai a hannu ban kawo shi a rai ba. Amma har yanzu ina kan bakana game da gwiwar nan. Kar a je a mayar da dattijo gida a keken guragu a ce an kai shi hutu.

Ɗan Zango ya rubuta:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya bayan isha'i na je gida na karanta musu duk abin da kuka rubuta, har na Sarkin Zolaya, Hajiya ta yi dariya har da hawaye ta ce saniyar ma tana so.

Tsohon Ɗalibi, shi ne, ya ce a gaishe ka, kuma wai yana fata ba kai ne mai sifirin ba. Da na zo wurin Esna sai ya karɓe zancen, ya ɗauko kwano biyu da ruwa yana nuna mana yadda ake ɗaga jirgi, daga nan ya wuce madatsar Aswan, wai an fara ta 1960 zamanin Jamal Abdul Nasir da taimakon Tarayyar Sobiyet, da yadda aka yayyanka Abu Simbel, wani ɗakin bautar zamanin Fir'auna da aka sassaƙa cikin dutse, gunduwa gunduwa aka hau da shi tudu tsakanin 1964 da 1968 don kar tafki ya cinye shi, har da cewa rana na shiga can ƙuryar ɗakin sau biyu a shekara, 22 ga Fabrairu da 22 ga Oktoba. Mun kai sha ɗaya na dare. Da na nuna masa bidiyon jirgin teku ya kalla ya ce to wannan ai otel ce, in otel ake so akwai a Yamai. Alhajin Dole ka yi haƙuri, haka ya ce. Na kawo masa maganar gwiwa ya ce gwiwar da ta yi Safa da Marwa. Hajiya kuma sharaɗinta ɗaya, in dai tana ganin ƙasa da bishiya za ta shiga, in ba haka ba a bar ta gida da jikokinta. Maganar Almajirin Malam ma Baba ya ce zai tambayi limaminsu ranar Juma'a.

To saura tambaya biyu. Yaya 'Yar Birni, Abu Simbel ɗin nan da ya ƙwallafa rai a kai yana cikin tafiyar jirgin ko daban ne? Kuma ta ina kuka tashi, Yamai ko Kano? Don kilomita 900 a kar da Hajiya kafin ma a ga jirgin sama, ina tunanin abin.

'Yar Birni ta rubuta:

Daban ne ƙanena, jirgin a Aswan yake tsayawa, madatsa ta tare hanya. Abu Simbel yana kudu kusa da iyakar Sudan, wajen kilomita 280, mota ke ɗaukar mutane tun ƙarfe huɗu na dare, awa uku da wani abu zuwa, haka dawowa, kuma kuɗinsa daban. Akwai ƙaramin jirgin sama daga Aswan in aljihu ya yarda, don Baba shi zan ce. Hajiya ku bar ta a jirgi ranar ta huta, ko a kai ta kasuwar Aswan ta sayi turare da karkade. Ranar 22 ga Fabrairu kuwa cunkoso ne na fitar hankali, in ba ranar ya nace ba ku kauce mata.

Mu ta Kano muka bi, muka hau EgyptAir kai tsaye zuwa Alƙahira, daga nan wani jirgin zuwa Luksor kamar awa ɗaya. Amma biza a Yamai muka yi ta tun kafin nan, ka fara tambaya ko dole sai su Baba sun je da kansu, kuma ka duba halin boda a satin da za ku tafi. Wurin ajans kuma kar ka yarda da baki, su rubuta maka sunan jirgin, ka nemi mai asansa don akwai su, in babu to ɗaki a hawa ɗaya da wurin cin abinci ko kusa da shi, kuma ba kusa da inji ba saboda ƙara. Ku ɗauki mai rakiya naku ku kaɗai mai jin Faransanci, ba na ayari ba, don Baba ya tafi a hankali ya zauna inda ya gaji, kaburbura kuma ya shiga ɗaya mara zurfi ya isa. Ku saya masa sandar nan mai buɗewa ta zama kujera. Mai rakiyar dai ina tausaya masa, don na ga alama shi za a koya ma tarihin.

Sarkin Zolaya ya rubuta:

Jarkata biyu dai kar a manta.